Niels Finsen: Likitan da ya warkar da fuskoki da haske, ya rasu bai san asirin fitilarsa ba

Ranar 10 ga Disamba, 1903, aka yi bikin ba da kyautar Nobel a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, amma mutumin da ya lashe ta fannin likitanci bai halarta ba. Niels Ryberg Finsen yana gida a Kopenhagen, zaune a keken guragu, cikinsa cike da ruwa, zuciyarsa na aiki da ƙyar. An karrama shi ne saboda ɗaruruwan mutanen da tarin fuka na fata ya cinye wa fuska sun warke a hannunsa, kuma abin da ya yi musu magani da shi haske ne da ya tattara ta cikin gilashi. Wata tara da 'yan kwanaki bayan bikin ya rasu, yana da shekara 43.

Har ya bar duniya Finsen yana da tabbacin cewa hasken altirabayolet, wanda ido ba ya gani, shi ne ke kashe ƙwayoyin cutar a cikin fata. A 2005 wasu likitocin fata a Kopenhagen suka auna tsofaffin gilasansa, suka tarar suna tare ainihin ɓangaren hasken da ya dogara da shi. Bayanin da suka ga ya fi dacewa da nasararsa shi ne wanda a yau ake kashe ƙwayoyin ciwon daji da shi, wato haɗuwar haske da wani sinadari mai launi da iskar oksijin.

Yaron da malamai suka raina

An haifi Finsen ranar 15 ga Disamba, 1860, a Torshavn, babban garin tsibiran Faro, waɗanda ke arewacin tekun Atlantika tsakanin Norwe da Aislan, ƙarƙashin sarautar Denmak. Wuri ne na gajimare da hazo, kuma a watan da aka haife shi yini ba ya wuce sa'a biyar da 'yan mintoci. Mahaifinsa, Hannes Finsen, ɗan wani sanannen gida ne na Aislan, ma'aikacin gwamnati wanda ya zama gwamnan tsibiran a 1871. Mahaifiyarsa, Johanne, ta rasu yaron bai wuce shekara huɗu ba.

A 1874 aka tura shi makarantar kwana ta Herlufsholm a Denmak, inda bai ji daɗi ba, bai kuma yi abin kirki a aji ba. Shugaban makarantar ya rubuta cewa yaro ne mai kyakkyawar zuciya, sai dai basirarsa kaɗan ce, kuma ba shi da kuzari. A 1876 aka mayar da shi makarantar da mahaifinsa ya yi a Reykjavik. Can ma bai yi fice ba, domin da ya kammala a 1882, shi ne na 11 cikin ɗalibai 15.

A wannan shekarar ce Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka, kuma a cikinta Finsen ya isa Kopenhagen domin karatun likitanci. Ya shafe shekara takwas kafin ya gama a 1890. Jami'ar ta ɗauke shi aikin fiɗar gawa da koyar da ɗalibai sassan jiki, aikin da ya ajiye a 1893 domin ya tsaya kan bincikensa. Kafin nan, a ƙarshen 1892, ya auri Ingeborg Balslev, 'yar babban limamin cocin garin Ribe. Sun haifi 'ya'ya huɗu, na farkon ya rasu washegarin haihuwarsa.

Ciwon da ya kai shi ga rana

Tun a 1883, yana ɗalibi, jikinsa ya fara gazawa. Cutar da aka tabbatar masa daga baya tana sa tantanin da ya lulluɓe zuciya da hanta da saifa ya yi kauri ya taurare, har gaɓoɓin su kasa aiki yadda ya kamata. Ya yi fama da ƙarancin jini da kasala, daga baya ruwa ya fara taruwa masa a ciki. A shekarunsa na ƙarshe sau 18 ana huda cikinsa ana zuƙe ruwan, sau da yawa har lita 6 a zama ɗaya.

Ɗakinsa na fuskantar arewa, wanda a waccan nahiyar ke nufin rana ba ta leƙa shi. Ya lura cewa duk sa'ad da ya samu ya sha hantsi yakan ji ƙarfi, sai ya fara tambayar kansa dalili, ya duba littattafan da aka koyar da shi bai sami amsa ba. Masu rubuta tarihinsa sukan kawo labarin wata kyanwa da yake kallo a kan rufin maƙwabta, wadda duk lokacin da inuwa ta cim mata sai ta matsa zuwa inda rana take. Daga irin wannan kallo ya wuce zuwa gwaji a kan talibambam da tsutsotsi, kuma a kan fatar damtsensa.

Ba daga fili ya fara ba. A 1877 Arthur Downes da Thomas Blunt sun nuna a Ingila cewa hasken rana na kashe ƙwayoyin bakteriya, kuma ɓangaren shuɗi da shunayya ne ya fi yin wannan aiki. A 1889 Johan Widmark ya nuna a Istokholm cewa ƙunar rana a fata ba daga zafi take ba, daga altirabayolet take, wato hasken da ke bayan launin shunayya a jerin launukan bakan gizo. Masanan lokacin suna kiran wannan gefe na haske haskoki masu aikin sinadari, saboda su ne ke baƙanta takardar ɗaukar hoto. Finsen ya ɗauki waɗannan bayanai daga ɗakin gwaji ya kai su gadon majiyyaci.

Jan ɗaki domin masu agana

Tunaninsa na farko na kare mara lafiya daga haske ne. Ya lura cewa tabon agana ya fi muni a fuska da hannuwa, sassan da rana ke duka, sai ya yi hasashen cewa haskoki masu aikin sinadari ne ke ƙara hura wutar ƙurajen har su yi mugunya su bar rami. A 1893 ya wallafa shawarar a kwantar da mai agana a ɗakin da aka rufe tagoginsa da jan labule ko jan gilashi, domin ja na tare shuɗi da shunayya da abin da ke bayansu. Al'adar tana da tsohon tarihi, domin tun a ƙarni na 14 wani likita mai suna John na Gaddesden ya rubuta cewa ya naɗe ɗan sarkin Ingila da jan ƙyalle lokacin da agana ta kama shi. Abin da Finsen ya ƙara shi ne dalili na kimiyya.

Likitoci a birnin Bergen na Norwe sun gwada a shekarar, suka ba da rahoto mai daɗin ji, sunan Finsen ya fara yawo a Turai. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da amfanin jan ɗakin ba, aka watsar da shi, kuma rigakafi ne ya kawo ƙarshen agana a duniya, kamar yadda aka sanar a 1980. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa, cewa launukan haske ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba, shi ne ya kai shi ga mataki na gaba. Ya ga cewa hasken da ke iya hura ciwo, in an tattara shi an saita shi, zai iya kashe abin da ke haddasa ciwon.

Kyarkecin da ke cin fuska

Likitoci na kiran tarin fuka na fata lupus vulgaris, kuma kalmar farko da Latinanci tana nufin kyarkeci, saboda yadda cutar ke cin nama. Takan fara da ɗan ƙurji mai launin ja-ja a kunci ko hanci, ta yi ta yaɗuwa shekara da shekaru, ta cinye hanci ko leɓe ko fatar ido. Ba kasafai take kisa da sauri ba. Takan bar mutum da rai amma ya rasa aiki da aure da shiga jama'a, wasu sai da mayafi a fuska suke fita. Maganin zamanin shi ne kankarewa da wuƙa, ko ƙonawa da ƙarfe mai zafi ko sinadari, kuma sau da yawa cutar na dawowa a gefen tabon.

A watan Nuwamba na 1895 Finsen ya sami izinin yin gwaji a tashar wutar lantarki ta Kopenhagen, inda akwai fitila mai ƙarfi irin wadda wuta ke tsallake tsakanin sandunan gawayi biyu tana ba da haske mai kashe ido. Majiyyacinsa na farko injiniya ne mai suna Niels Mogensen, wanda ya yi shekara takwas da cutar a kuncinsa, an yi masa magunguna iri-iri ba su ci ba. Kullum sai ya zauna kimanin sa'a biyu ana saita masa hasken a kan gyambon. Bayan kimanin wata huɗu wurin ya warke.

Warkewar mutum ɗaya ta isa ta jawo masu kuɗi. Wasu attajirai biyu, G. A. Hagemann da Vilhelm Jorgensen, suka tsaya masa, hukumar birnin ta ba shi fili a harabar babban asibitinta, aka kafa Cibiyar Magani da Haske ta Finsen a 1896 cikin wani ɗan gini na katako. Majiyyata suka yi ta kwarara daga Denmak da wajenta, har a 1901 cibiyar ta koma babban gini a unguwar Rosenvaenget.

Yadda aikin yake gudana

Matsala biyu ya fuskanta. Ta farko zafi ne, domin gilashin da ke tattara haske yana tattara zafi, kuma zai ƙona fata. Ya magance wannan da ratsa hasken ta cikin ruwa, wani lokaci ruwan da aka zuba wa sinadari mai launin shuɗi, wanda ke shanye zafin da jan ɓangaren hasken. Da bazara akan jera majiyyata a fili a yi amfani da rana. Da hunturu kuwa sai a rataye babbar fitila a tsakiyar ɗaki, bututu huɗu masu kama da na hangen nesa na saukowa daga gare ta, kowane ɗaya zuwa fuskar mutum guda.

Ta biyu jini ne. Finsen ya ɗora takardar ɗaukar hoto a bayan fatar kunnen matarsa ya haska ta gaba, takardar ba ta canza ba. Da ya matse kunnen tsakanin gilashi biyu har ya yi fari, jinin ya janye, sai takardar ta baƙanta cikin ɗan lokaci. Daga nan ya ƙera wani ɗan faifai mai garai-garai wanda ruwan sanyi ke zagayawa a cikinsa, ana danna shi a kan wurin da za a haska domin ya kori jini ya kuma sanyaya fata.

Wannan dannawa aikin mata ma'aikatan jinya ne, waɗanda ke sanye da baƙin tabarau, kowace na riƙe da faifan a wuri ɗaya kimanin sa'a guda ba tare da hannu ya goce ba. Wurin da ake haskawa a zama ɗaya bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba, don haka mai babban gyambo yakan yi watanni, wani fiye da shekara. Bayan kowane zama wurin kan yi ja ya kumbura ya yi ɓawo, sannan ya warke da tabo mai laushi, ba irin ramin da wuƙa ke bari ba. Zuwa lokacin da kwamitin Nobel ya duba aikin, an yi wa fiye da mutum 800 magani, mafi yawansu sun warke ko sun sami sauƙi sosai, kaɗan ne abin bai yi musu amfani ba.

Ɗaukaka da ajali

Gidan sarautar Denmak ya taimaka wajen yaɗa dabarar. Gimbiya Alexandra, 'yar sarkin Denmak wadda ta zama sarauniyar Ingila a 1901, ta ba Asibitin Landan fitilar Finsen ta farko a 1900, 'yar'uwarta Maria Feodorovna, uwar sarkin Rasha, ta sa aka kai ta birnin San Fitasbag. An ba Finsen muƙamin farfesa a 1898. Tare da mataimakinsa Axel Reyn, wanda ya ci gaba da aikin bayansa, ya ƙera ƙaramar fitila ta mutum ɗaya wadda ƙananan asibitoci za su iya saye.

Shi ne mutum na uku da ya karɓi Nobel ta likitanci, bayan Emil von Behring da Ronald Ross, kuma ɗan Denmak na farko da ya sami kyautar. A shekarar ce Marie da Pierre Curie da Henri Becquerel suka karɓi ta kimiyyar fiziks. Daga kuɗin kyautar ya ba cibiyarsa kurona 50,000, ya ba wani gidan jinyar masu ciwon zuciya da hanta, wanda shi ma shi ya kafa shi, kurona 60,000.

Ko a keken guragu bai daina bincike ba, sai dai ya mayar da jikinsa abin nazari. Ya riƙa auna abin da yake ci da sha, ya lura da yadda gishiri ke riƙe ruwa a jiki, ya rage shi a abincinsa, ya kuma wallafa rubutu a kan haka a 1904. Ya rasu a Kopenhagen ranar 24 ga Satumba na wannan shekara.

Abin da ke faruwa a Munik

A daidai shekarun da Finsen ke aiki, wani ɗalibin likitanci mai suna Oscar Raab yana gwada dafin wani rini mai suna akiridin a kan wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, a ɗakin gwajin Farfesa Hermann von Tappeiner da ke Munik a Jamus. Sakamakon ya riƙa saɓawa. Da ma'auni ɗaya na rinin, wata rana halittun su mutu da sauri, wata rana su daɗe. Ya lura cewa ranar da suka daɗe an yi hadari gari ya yi duhu. Da ya maimaita gwajin a haske da kuma a duhu sai ya tabbatar cewa rinin kaɗai ba ya kashe su da sauri, hasken kaɗai ma ba ya yi, sai an haɗa. An wallafa wannan a 1900.

A 1903, shekarar Nobel ta Finsen, Tappeiner da likitan fata Albert Jesionek suka shafa rinin iyosin a kan ciwon dajin fata suka haska shi. A cibiyar Finsen kanta, wani matashi mai suna Georges Dreyer ya gwada wani rinin a kan masu tarin fuka na fata a wannan shekarar, amma raɗaɗin da majiyyata ke ji ya hana dabarar ɗorewa. Tappeiner da Albert Jodlbauer suka nuna cewa in babu oksijin abin ba ya faruwa, suka kuma raɗa masa suna a 1904, sunan da har yau ake amfani da shi, wato aikin fotodainamik.

Sauran tarihin ya tafi a hankali. Wani likita Bajamushe, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na hematofofirin, sinadarin da ake samu daga jini, ya fita rana, fuskarsa da hannunsa suka kumbura, ya yi kimanin wata biyu haske na cutar da shi. Ya wallafa abin da ya same shi a 1913. A 1931 Hans Kautsky ya yi hasashen cewa wani nau'in oksijin mai ɗauke da ƙarin kuzari ne ke yin ɓarnar, amma sai a shekarun 1960 aka gaskata shi. A 1976 ayarin Thomas Dougherty na Cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka ya nuna cewa wannan nau'in ne ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, a 1978 kuma ya ba da rahoton gwaji a kan mutane. Kanada ta amince da maganin Photofrin domin ciwon dajin mafitsara a 1993, Amurka ta amince da shi domin na bututun abinci a 1995.

Yadda haske ke kashe ƙwayar ciwon daji

Abu uku ake buƙata, kuma kowanne shi kaɗai ba ya cutarwa. Ana ba majiyyaci sinadari mai shan haske, ta allura ko ta shafawa, a jira ya taru a cikin ƙarin fiye da yadda ya taru a lafiyayyen nama. Da Photofrin jiran kusan kwana biyu ne. Daga nan a haska wurin da launin da sinadarin ke sha, galibi ja mai tsawon zango nanomita 630, ta wajen fata ko ta siririn zaren gilashi da ake zurawa cikin jiki.

Idan ƙwayar sinadarin ta shanye haske takan ɗauki kuzarinsa ta riƙe na ɗan lokaci. In ta ci karo da oksijin a wannan hali, sai ta miƙa masa kuzarin ta koma yadda take, a shirye ta sake shan wani hasken, don haka ƙwaya ɗaya kan maimaita aikin sau da yawa. Oksijin ɗin da muke shaƙa mai sanyin hali ne, ba ya saurin haɗuwa da abin da ke kusa da shi. Wanda ya karɓi wannan kuzari kuwa, wanda masana ke kira oksijin singilet, fusatacce ne, yana afka wa duk abin da ya tarar. Akwai kuma hanya ta biyu, inda sinadarin ke musayar ilektiron da maƙwabtansa, a sami wasu ɓaraguzan oksijin masu irin wannan ɓarna.

Abin da yake fara ci shi ne maiƙon da aka gina bangon ƙwayar halitta da shi. Irin lalacewar da ke samun man girki ne idan ya daɗe a buɗe har warinsa ya canza, sai dai a nan cikin ƙiftawar ido take faruwa. Yana kuma lalata furotin, ya taɓa ƙwayoyin gado idan ya iske su. Rayuwarsa gajera ce ƙwarai, 'yan kaso cikin miliyan na daƙiƙa, kuma tafiyar da yake yi kafin ya ƙare ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Saboda haka ɓarnar na tsayawa daidai inda sinadarin ya zauna kuma haske ya sauka, wannan ne ya sa ake iya kashe ƙari a bar naman da ke gefensa.

Irin mutuwar da ƙwayar za ta yi ya danganta da inda aka buge ta. Idan sinadarin ya taru a mitokondiriya, wato murhun da ke samar wa ƙwayar kuzari, bangonsa na hujewa, wani furotin mai suna saitokurom c ya zubo, ya tayar da jerin sinadaran da ke wargaza ƙwayar daga ciki a tsare, har jiki ya kwashe gutsattsarin ba tare da hayaniya ba. Idan kuwa bangon waje ne ya fashe, ko ɓarnar ta yi yawa, ƙwayar na kumbura ta tarwatse ta zubar da abin cikinta. Ban da wannan, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin suna toshewa, sauran ƙwayoyin su mutu da yunwa, kumburin da ya biyo baya kuma yana jawo dakarun garkuwar jiki zuwa wurin.

Dabarar tana da iyaka. Jan haske ba ya ratsa nama fiye da 'yan milimitoci zuwa kimanin santimita ɗaya, don haka ta fi amfani a fata da saman hanyoyin jiki irin su bututun abinci da hanyoyin numfashi, ba ta kai ga ciwon da ya riga ya bazu. Tsakiyar babban ƙari sau da yawa ba ta da isasshen oksijin, kuma aikin kansa yana cinye wanda ke akwai. Wanda aka yi wa allurar Photofrin dole ya guji rana da haske mai ƙarfi na akalla wata guda, in ba haka ba abin da ya sami Meyer-Betz ya same shi.

Abin da gilasan suka bayyana

A 2005 masu bincike daga Asibitin Bispebjerg na Kopenhagen, cikinsu har da Farfesa Hans Christian Wulf, suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa kayan aikin Finsen. Gilasan da suka auna suna shanye hasken da tsawon zangonsa ya gaza nanomita 340, kuma shuɗin ruwan da ake rage zafi da shi yana yin haka. Altirabayolet mai gajeren zango, wanda aka san yana kashe bakteriya kai tsaye, yana ƙasa da wannan iyaka. Abin da ke wucewa zuwa fatar majiyyaci shi ne shuɗi da shunayya da ɗan abin da ke dab da su.

Daga nan suka juya ga ƙwayar cutar. Sun ga alamun sinadarin fofirin a cikin ƙwayar tarin fuka, suka kuma tantance wani nau'insa a cikin wata ƙwaya 'yar'uwarta. Fofirin ya fi shan haske a kusa da nanomita 400, daidai ɓangaren da gilasan ke bari ya wuce. Ƙarshen da suka cim ma shi ne cewa bayanin da ya fi dacewa shi ne ƙwayar cutar tana ɗauke da nata sinadarin mai shan haske, fitilar Finsen na kunna shi, oksijin singilet ya kashe ta daga ciki. Sun gabatar da shi a matsayin bayani mafi ƙarfi, ba hukuncin ƙarshe ba.

Wannan ya kuma haskaka gwajin kunnen Ingeborg. Jan launin jini daga wani fofirin ne mai ɗauke da ƙarfe a tsakiyarsa, kuma shi ma wannan ɓangaren na haske ya fi sha. Jinin da ke cikin fata yana kwashe hasken kafin ya isa ga ƙwayar cutar, don haka matan da ke danna faifai a fuskokin majiyyata suna share wa hasken hanya ne zuwa ga fofirin ɗin da ake so ya kama.

Abin da ya rage

Fitilar Finsen ta yi aiki kusan rabin ƙarni. A shekarun 1940 aka fara warkar da cutar da bitamin D mai yawa, sannan magungunan tarin fuka irin su istireptomaisin da isoniyazid suka sa aka mayar da fitilun gidajen tarihi. Altirabayolet ɗin da ya yaba, wanda ya sa Turawa suka rungumi shanya jiki a rana, an tabbatar daga baya cewa shi ne babban sanadin ciwon dajin fata.

Cibiyarsa ta koma ƙarƙashin babban asibitin ƙasa na Rigshospitalet, kuma ɗakin binciken da ke ɗauke da sunansa a can yau ciwon daji yake nazari. Kusa da asibitin akwai mutum-mutumin tunawa da shi wanda Rudolph Tegner ya sassaƙa aka kafa a 1909, babban titin Torshavn na ɗauke da sunansa, haka ma wani rami a duniyar wata. A 2008 ayarin Wulf ya wallafa wata sabuwar dabara ta magance tabon da rana ke yi wa fata wanda kan iya rikiɗewa ya zama ciwon daji: a shafa man da ƙwayoyin da suka lalace ke mayarwa fofirin, majiyyaci ya fita ya zauna sa'a biyu da rabi a hasken rana na birnin Kopenhagen.